Rijiyar Mai Gida da Tagar Ɗan Haya: Hukuncin Raba Intanet a Gidan Haya

Akwai tambayar da ba za a same ta da sunanta a littattafan fiƙihu irin su Risala ko Muhtasar ba, amma tana nan tafe zaurukan malaman Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe, in ma ba ta riga ta iso ba. Magidanci ne ya gina ɗakunan haya a gefen gidansa, ya zuba malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan bautar ƙasa da masu sana'ar POS. Shi kuma yana da na'urar intanet a ɗakinsa wadda yake biya wa kuɗi duk wata. Sabis ɗinta ba ya kaiwa ɗakunan baya, sai aka ba shi shawarar ya sayo ƙananan na'urori biyu ko uku ya jera a tsakar gida domin intanet ya game ko'ina. Daga nan tambayoyi suke tasowa. Wajibi ne ya ba 'yan hayar, ko alheri ne in ya ga dama? Ya halatta ya karɓi kuɗi a kai? Wanda ya samo kalmar sirri ta bayan fage ya shiga, ya ci haram? Shi kuma mai gidan, da yake komai ta na'urarsa yake bi, yana da damar duba abin da 'yan hayarsa suke yi? Matsayin da nake karewa shi ne, mallakar na'ura tana ba mai gida ikon hanawa da ikon sa farashi da ikon kasafta wa kowa rabonsa, amma ba ta ba shi ikon leƙe ba. Mutane sun fi tsayawa a kan maganar kuɗi, alhali maganar leƙen ce ta fi nauyi a mizani.

Malaman fiƙihu ba sa yanke hukunci a kan abin da ba su san siffarsa ba, don haka a fara da siffar. Intanet yana shigowa gida ta ƙofa ɗaya, ko dai rauta mai ɗauke da layin MTN ko Airtel ko Glo, ko faifan Starlink da ake kafawa a kan rufi, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, kafin kowace ƙasa a Afirka. Daga wannan ƙofa na'urar take watsa shi a iska a zango biyu: na gigahaz 2.4 mai nisan tafiya da juriyar ratsa bango amma maras sauri, da na gigahaz 5 mai sauri amma gajeren zango. Katangar ƙasa mai kauri da bulon siminti da kwanon rufi duk suna shanye ƙarfinsa, shi ya sa mai ɗakin ƙurya ba ya samun komai. Tsarin da 'yan kasuwa ke kira mesh maganin wannan ne. Uwar na'ura tana jone da rautar, 'ya'yanta suna warwatse a gidan, suna miƙa wa juna saƙo kamar yadda leburori ke miƙa wa juna tubali daga ƙasa zuwa kan gini, dukkansu da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya. Abubuwa uku ne a wannan siffa hukunci ya rataya a kansu. Na farko, ƙarin na'urori ba ya ƙara yawan abin da ke shigowa gidan, shimfiɗa shi kawai yake yi, kuma in ba a haɗa su da kebul ba kowane miƙi yana iya rage sauri. Na biyu, abin rabo ne, in mutum ɗaya ya kwana yana sauke fina-finai sauran za su ji a jikinsu. Na uku, duk abin da kowace waya a gidan ta aika ko ta karɓa ta uwar na'urar yake bi, makullin uwar kuma yana hannun mutum ɗaya.

Masu cewa bai kamata a hana kowa ba suna da hujja mai ƙarfi, kuma mutanen wannan yanki sun ɗanɗana ta. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Tambuwal, kowa ya ga yadda ciniki da zumunci suke tsayawa idan waya ta mutu. A farkon 2023 da aka canza takardun naira kuɗi suka ɓace daga hannu, wanda ba shi da hanyar tura kuɗi ta waya ya sha wuyar sayen hatsi da magani. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, neman gurbin karatu da neman aiki duk sun bi ta wannan hanya. Ga shi kuma a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Abin da ya kai wannan matsayi, in ji su, ya bar sahun kayan ƙawa ya shiga sahun buƙata. Sai su kawo hadisin da Abu Dawuda da Ibn Maja suka ruwaito, wanda ya sanya ruwa da ciyawa da wuta cikin abubuwan da mutane suka yi tarayya a kansu. Su ƙara da cewa malamai sun yarda mutum ya amfana da hasken fitilar maƙwabcinsa ko inuwar katangarsa ba tare da neman izini ba. Sabis ɗin da ya tsallako katanga ya iske mutum a kan gadonsa, me ya raba shi da hasken fitila?

Abin da ya raba su shi ne raguwa. Dalilin da ya sa aka halatta zama a hasken fitilar wani shi ne, ko mutum goma ne suka zauna, man fitilar ba ya ƙara ƙonewa, mai ita kuma bai rasa komai ba. Data ba haka take ba. In ƙayyadajjiya ce, kowane bidiyo da baƙo ya kalla daga aljihun mai gida ya fita. In kuma irin wadda ake cewa ba ta da iyaka ce, saurinta yana da iyaka, kuma kamfanoni da yawa suna rage shi idan aka wuce wani mizani. Saboda haka ƙiyasin da ya dace shi ne na ruwa, shi ma ba ruwan gulbi ba, ruwan rijiyar da mutum ya haƙa a filinsa. A nan mazhabar Malikiyya ba ta yi nuƙu-nuƙu ba. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 996 Miladiyya, ya rarrabe a Risala tsakanin rijiyoyin daji na shayar da dabbobi, waɗanda ba a hana rarar ruwansu, da rijiya ko idon ruwan da ke cikin filin mutum, wanda mai shi yake da ikon hanawa. Ruwan da aka ɗebo aka zuba a tulu ko jarka kuwa ya zama dukiya, shi ya sa galibin malamai suka halatta sana'ar 'yan ga-ruwa. Ko a Madina, da musulmi suka matsu da rijiyar Ruma, ba a ƙwace ta daga mai ita ba, Sayyidina Usmanu ne ya saya da kuɗinsa ya bar wa jama'a. Mai gidan da ya sayi rauta, ya sayi faifan sola da batir domin wutar kamfanin Kaduna ba abin dogaro ba ce, yana kuma biyan kuɗin wata, ya haƙa rijiya a filinsa. Kalmar sirrin da ya sa alama ce bayyananniya ta rashin izini, don haka wanda ya zagaya ya samo ta daga bakin yaro ko ta wata manhaja ya ci dukiyar wani ba da yardarsa ba, komai ƙanƙantarta.

Sai dai cewa alƙali ba zai tilasta maka ba daban, cewa ba ka da abin zargi a wurin Allah daban. Hadisin Abu Huraira ya hana mutum ya hana maƙwabcinsa kafa azara a katangarsa. Imamu Malik ya ɗauki wannan a matsayin kwaɗaitarwa, Imamu Ahmad ya ɗauke shi wajibi, Risala kuma ta tsaya a kan cewa bai kamata a hana ba amma ba a yanke hukunci da shi. A Muwaɗɗa akwai labarin Dahhaku ɗan Halifa da ya so ya ratsa da magudanar ruwa ta gonar Muhammadu ɗan Maslama, wannan ya ƙi, Sayyidina Umar ya tilasta aka ratsa, domin abu ne mai amfanar ɗaya ba ya cutar da ɗayan. Ko da yake abin da ya shahara a mazhaba shi ne ba a tilastawa da wannan, labarin ya nuna inda zuciyar shari'a ta karkata. Suratul Ma'un ta zargi masu hana 'yan kayan aron gida, Abdullahi ɗan Mas'udu kuma ya lissafa guga da tukunya a cikinsu. Ita kanta Risala ta yi togiya a maganar rijiya: in rijiyar maƙwabci ta rushe kuma yana da shukar da ake tsoron ta ƙone, ba a hana shi rarar ruwa. Wannan togiya tana da takwara a zamaninmu. Ɗan hayar da datarsa ta ƙare da tsakar dare yana neman tura kuɗin asibiti, ko ɗalibin da ranar rufe rajista ta riske shi, shukarsa ce take shirin ƙonewa. Hana irin wannan mutum minti goma rowa ce da addini da al'ada suka haɗu a kan ƙyamarta, ko da kotu ba za ta kama mai ita ba.

Karɓar kuɗi kuwa halal ne, domin amfani ne sananne da aka kashe dukiya wajen samar da shi. Wani zai ce akwai garari a ciki, tunda ba a san yawan datar da kowane ɗan haya zai sha a wata ba, ga shi sharaɗin haya shi ne a san amfani a san lada a san wa'adi. Malamai sun daɗe da warware irin wannan a mas'alar gidan wanka na kuɗi, inda suka halatta shiga da lada ɗaya alhali mutane sun bambanta a yawan ruwan da suke zubarwa da daɗewar da suke yi, saboda ƙaramin rashin sani ne da buƙata ta sa aka yafe shi. Amma yafiyar tana ga abin da ba shi da makawa, ba ta shafi abin da za a iya fayyacewa aka ƙi ba. Nawa ne a wata, waya nawa kowane ɗaki zai jona, awa nawa na'urar za ta kwana a kunne, me zai faru in sabis ya ɗauke mako guda, duk waɗannan ana iya faɗa tun farko, kuma faɗarsu wajibi ce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin wata ba shi da damar kashe na'ura da dare domin ya tanadi batir wa fankarsa, ko ya ware wa ɗakinsa kaso mafi tsoka a ɓoye. Haka kuma ba daidai ba ne ya mayar da intanet sandar duka, ya katse wa wanda ya biya kuɗin data domin yana bin sa kuɗin ɗaki, sai in an ƙulla su tare tun farko. Akwai kuma ɓangare na uku a cinikin, wato kamfanin da ya sayar da layin. Musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka, kuma sau da yawa layin gida yana zuwa da sharaɗin hana sayarwa, ga Dokar Sadarwa ta 2003 da ta ɗora wa NCC bayar da lasisi ga masu sayar da hidimar sadarwa. Karo-karon mutanen gida ɗaya domin biyan kuɗin wata daban yake da buɗe kasuwar sayar wa unguwa, kuma mai son na biyun ya karanta sharuɗɗan ya nemi izini.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka gwada shi da abin da ke hannun mai riƙe da makullin uwar na'ura. Gaskiya ne ba zai iya karanta saƙon WhatsApp ba, domin tun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga waya zuwa waya, kuma galibin shafukan banki da na sada zumunta su ma a kulle suke. Amma manhajar da ke tafiyar da irin waɗannan na'urori tana nuna masa jerin wayoyin da ke jone da sunayensu, da lokacin da kowace ta shiga da lokacin da ta fita, da yawan datar da ta sha, da ɓangaren gidan da take, kuma da yawa daga cikinsu suna nuna sunayen shafukan da aka ziyarta, saboda an ƙera su ne domin iyaye su sa wa yara ido. Wannan ya isa a san ƙarfe nawa ma'aikaciyar jinya take dawowa, da daren da baƙuwar waya ta kwana a ɗakin wane, da wanda ke yawan leƙa shafin caca, da wanda ke bibiyar bayanin wata cuta, da wanda ke sauraren malamin ƙungiyar da mai gida ba ya so. A fiƙihun Malikiyya wannan yana da babi, babin taga. Risala ta hana mutum buɗe taga ta kusa da zai riƙa hango cikin gidan maƙwabci ta cikinta, ko buɗe ƙofa daidai da ƙofarsa. Mudawwana ta kawo cewa Sayyidina Umar ya ba da umarnin a ajiye gado a bayan irin wannan taga mutum ya hau, in yana hango cikin gidan maƙwabci a hana ta. Ibn Rami, magini a Tunis a ƙarni na 14 wanda alƙalai ke aikawa duba rigingimun gini, ya cika littafinsa da irin waɗannan shari'o'i. A Gwandu ma, nan kusa da mu, Alƙali Idrisu ɗan Halidu ya tattara wa alƙalai littafi a ƙarni na 19 mai ɗauke da hukunce-hukuncen gini da cutar da maƙwabci. Ginin gidan Bahaushe kansa, zaure sannan shigifa sannan cikin gida, ƙofofin kuma a karkace don kada ido ya zarce, wannan fiƙihun ne aka zuba shi a ƙasa da azara.

Mai gida zai ce, ai na'urata ce, gidana ne, da kuɗina na saya. To ita ma tagar da aka hana a katangar mai ita take, da kuɗinsa ya fasa ta. Shari'a ba ta duba wanda ya mallaki bangon ba, ta duba inda ido yake sauka. Game da gidan kuwa, wanda ya ba da haya ya riƙe asalin ginin ne, amfaninsa ya koma hannun ɗan haya har wa'adi ya cika, shi ya sa umarnin neman izini kafin shiga gidan wani, wanda ya zo a Suratun Nur aya ta 27, ya hau kan mai gida a ƙofar ɗakin da shi ya gina. Wanda ba shi da damar ɗaga labule ba shi da damar buɗe manhaja ya ga abin da labulen ya rufe. Wani kuma zai ce, tunda ɗan hayar bai sani ba, kuma ba wanda za a gaya wa, ina cutar take? Cutar tana wurare biyu. Tana cikin zuciyar mai leƙen, domin daga ranar ba zai ƙara kallon mutumin da idon da yake kallonsa ba, ga shi abin da ya gani sunan shafi ne kawai, bai san ko kuskuren dannawa ne ko ƙanen mutumin ne ya ari wayar ba. Zato ne aka gina a kan rabin sani, kuma aya ta 12 a Suratul Hujurat ta jero mummunan zato da bin diddigin asirin mutane da gulma a jere ɗaya domin ɗaya ke haifar da ɗaya. Tana kuma cikin rinjayen da ya samu, domin ranar da rigimar kuɗin haya ta tashi, abin da ya sani zai zama makami, ko ya furta ko ya yi shaguɓe. Rashin sanin wanda aka leƙa ba ya rage laifin, sai ma ya mayar da shi tsantsar jarrabawar tsoron Allah, tunda ba mai tsawatarwa sai Shi.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ta mai tsoron Allah da gaske, wanda zai ce ba zan bari a yi saɓo da layina a cikin gidana ba, kuma an umarce ni da hana mummuna. Wannan damuwa abar girmamawa ce, amma malamai sun gindaya wa hani sharaɗi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a Ihya cewa mummunan da ake hanawa shi ne wanda ya bayyana ba tare da bincike ba, kuma wanda ya rufe ƙofarsa ba a bin sa da saurare ko sunsune. Malaman Malikiyya ma a kan haka suke. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo wa Ibn Mas'udu mutumin da ake zargi da shan giya, ya amsa da cewa an hana su bincike, sai abin da ya fito fili suke kamawa. Hadisin da ya ɗora wa magidanci kiwon iyalinsa ya shafi matansa da 'ya'yansa, ɗan haya kuwa baligi ne mai cin gashin kansa wanda ciniki ya haɗa ku. Har ma Shehu Halil ya kawo a Muhtasar cewa fasiƙancin ɗan haya ba ya warware ƙullin haya, hukuma ce take tsawata masa, in ya ƙi dainawa ta fitar da shi ta ba da hayar wurin a madadinsa. In wanda fasiƙancinsa ya bayyana ma alƙali aka miƙa wa lamarinsa, ina ga wanda sai an tona ake ganin nasa? Duk da haka mai gida ba a ɗaure hannunsa ba. Yana da damar sanya matatar da ke toshe shafukan batsa da na caca ga gidan gaba ɗaya, har da ɗakinsa, ya kuma sanar da kowa tun kafin a biya. Wannan sharaɗi ne a kan dukiyarsa, wanda bai yarda ba ya sayi datarsa. Toshe ƙofar ɓarna ga kowa ba ya buƙatar sanin wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ta.

Saura maganar tsaro, wadda ba mai raina ta a kudancin Sakkwato. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, don haka in aka yi damfara ko aka tura wa 'yan bindiga bayani ta layin gidan, sunan mai gida ne zai fara fitowa. Wannan gaskiya ne, kuma dalili ne na ya san wanda yake ba wa haya, ya ajiye sunan kowane ɗan haya da wayar da aka jona masa, ya hana miƙa kalmar sirri ga na waje, ya riƙa canza ta idan wani ya tashi. Wannan rajista ce irin wadda kowane mai masauki yake yi, ba leƙe ba ce. Imamu Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya yi togiya ɗaya ga hana bincike a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki: idan amintacce ya ba da labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar kisan kai. Togiyar tana da sharuɗɗa, labari daga amintacce, haɗari mai girma, da kusantowar aukuwa. Ba ta zama lasisin sa wa malamin firamare ido shekara guda don wataƙila ba. In irin wannan labari ya zo, hanyarsa ita ce mai unguwa da hakimi da jami'an tsaro, su ne masu hurumin bincike. Dokar ƙasa ma ta nan ta bi, domin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sharɗanta dalili na halal da manufa bayyananniya kafin a tattara bayanan mutum, kuma kada a wuce gwargwadon buƙata.

Ba za a ce ɗan haya ya yarda da leƙe don ya karɓi kalmar sirri ba, domin yarda ba ta ƙulluwa a kan abin da mutum bai san da shi ba, kuma yawancin masu jonawa ba su san me manhajar ke nunawa ba. Abin da amana take nema a aikace kaɗan ne. A buɗe wa 'yan haya layin baƙi, wanda kusan duk waɗannan na'urori suna da shi, domin ya raba wayoyinsu da na iyalin gida. Wannan kariya ce ga ɓangarorin biyu, tunda tagar da ba a toshe ba tana iya nuna wa ɗan haya mai wayon kwamfuta kyamarar tsakar gida ko na'urar mai gidan. A ƙayyade wa kowane ɗaki rabonsa na sauri daidai da abin da ya biya. A kashe sashen da ke ajiye tarihin shafuka a kan layin baƙi. A kuma lura da wanda ke riƙe da makullin, domin a gidaje da yawa ba dattijon ne zai riƙa buɗe manhajar ba, ɗansa saurayi ne ko yaron da ya zo ya haɗa kayan, kuma amanar da aka miƙa wa wanda bai cancanta ba tana wuyan wanda ya miƙa.

Hukuncin dai a taƙaice shi ne: bayarwa kyauta sadaka ce mai lada, sayarwa da sharuɗɗa bayyanannu halal ce, hanawa ba zalunci ba ce sai a lokacin larura, shiga ba izini cin dukiyar wani ne, leƙe kuwa haramun ne ko da kyauta aka ba da layin. Ina kira ga malamanmu na zaure da limaman Juma'a, daga Dogon Daji zuwa Kebbe, idan sun zo babin haƙƙin maƙwabci su sanya wannan mas'ala a cikin karatu, kada su jira sai rigima ta kai gaban alƙali. Kai kuma mai gida, kafin ka karɓi sisin kowa, tara 'yan hayarka ka gaya musu abin da za su biya, da abin da za su samu, da abin da na'urar take iya nuna maka, sannan ka yi musu alkawarin ba za ka duba ba, ka kuma cika. In ka san zuciyarka ba za ta iya wannan ba, bar kowa ya sayi datarsa, ya fi maka sauƙin hisabi.